AMSAR WASIƘUNKU: DA ME AKE ƊAME WAYAR SHINGE?

 Barkanmu da sake saduwa a filinmu na amsa wasiƙunku daga nan Kaduna. Muna fatan an gama shigar da amfanin gona lafiya, masu aikin lambu kuma Allah ya ba da kasuwa.

A wannan mako wasiƙu biyar muka ware, domin duk magana ɗaya suke yi, wato maganar shingen waya. Dalili kuwa a fili yake. Da zarar an kwashe amfanin gona sai a saki dabbobi, ciyawa ta bushe, ba sauran ɗanyen ganye sai a fadama. Can akuya da saniya ke sa ido, can kuma rigima ke tashi tsakanin mutanen da jiya-jiya suke cin tuwo tare.

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani mai lambu a Rafin Guza, bakin Kogin Kaduna. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce ya sayar da masararsa ya sayi waya mai ƙaya, ya kewaye lambunsa na kabeji da latas da tumatir. Shi da 'ya'yansa biyu suka ja wayar da hannu suka buga mata ƙusa. Ba a yi wata uku ba ta saki, ta yi ciki, awaki suna ratsawa ta tsakani, har wata rana shanu suka tsallaka suka cinye masa rabin kabejin. Magana ta kai gaban mai unguwa. Yana tambaya: shin wayar ce jabu, ko kuwa akwai wani ƙarfe da ake jan ta da shi wanda bai sani ba?

To Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Ƙarfen jan waya akwai shi, iri-iri ma, kuma za mu lissafa maka su. Amma bari mu fara daga tushe, domin ko an ba ka ƙarfen da ya fi kowanne, in abin da zai riƙe wayar bai kafu ba, aikin banza ne.

DIRKAR KUSURWA

Waya guda ɗaya, in aka ɗame ta yadda ya kamata, tana jan dirkar ƙarshe da ƙarfin da ya kai nauyin buhun masara, wato kilo 100 ko fiye. In layi huɗu ka yi, ka ɗauka buhu huɗu ne ke jan wannan dirka, dare da rana, rani da damina. Yanzu Malam, je ka duba dirkokin kusurwar lambunka. In ka ga sun ɗan sunkuya zuwa ciki, ko ka ga ƙasa ta buɗe baki a bayansu, to ka kama ɓarawon. Dirka in ta matsa da faɗin yatsu uku kawai, wayar ta riga ta saki.

Saboda haka dirkar kusurwa da ta bakin ƙofa su fi sauran kauri, a kuma binne su da zurfi, kusan mita ɗaya. A riƙa zuba ƙasa kaɗan-kaɗan ana daɓewa da dagi, da tsakuwa in akwai. Itacen da gara ba ta cika damunsa ba shi ake nema, kamar ƙirya ko azarar giginya. In turare ko malaina ka samu, ka ɓare ɓawon, ka bari ya bushe, ka babbake gindin ko ka shafe shi da kwalta ko maganin gara irin su Solignum. Mai hali ya sa ƙarfe ko dirkar kankare.

Bayan haka sai tokari. Hanya biyu ce. Ta farko, ka sami itace mai tsawon mita biyu da rabi, ka sassaƙa wa dirkar ɗan gurbi wajen tsakiyar tsayinta, ka sa kan itacen a ciki, gindinsa kuma ya doshi inda wayar ta nufa, ya taka dutse ko bulo da aka binne. Kada tokarin ya yi gajere ya miƙe tsaye, domin in ya yi haka, maimakon ya riƙe dirkar sai ya zama shi ke tumɓuko ta. Hanya ta biyu, ka kafa dirka biyu tsakaninsu mita biyu da rabi, ka gitta itace a sama tsakaninsu, sannan ka ɗaura waya maras ƙaya riɓi biyu daga gindin dirkar kusurwa zuwa saman ta biyun. Ka sa sanda a tsakiyar wayar ka yi ta murɗawa har ta ɗame, kana ka jingina sandar da itacen gittawa ka ɗaure ta don kada ta warware. Ga shi nan, ka riga ka sami kayan ɗame waya na farko, kuma ko kwabo ba ka kashe ba. A kusurwa, tunda waya na ja ta fuska biyu, kowace fuska tana son nata tokarin.

KAYAN JAN WAYA

Na farko shi ne sandar ƙarfe ko bututu mai tsawon mita ɗaya. Masu walda na Panteka za su yanka maka shi su yi masa tsaga ko ƙugiya kamar santimita 20 daga bakinsa. Ka sa wayar a tsagar ta yadda ƙaya za ta tokare, ka dafa bakin bututun a jikin dirka, ka ja ɗaya kan. Lissafin mai sauƙi ne: tunda hannunka yana nesa da dirkar sau biyar fiye da inda wayar take, ƙarfinka ya ninka sau biyar. In ka ja da ƙarfin kilo 25, wayar za ta ji 125. Wannan aikin mutum biyu ne, ɗaya na riƙe, ɗaya na ɗaurewa. Ya wadatar ga ƙaramin lambu da tsawonsa bai wuce mita 30 zuwa 50 ba. Wanda bai sami bututu ba, ya sari icce mai ƙarfi mai baki biyu kamar gwafa, aikin ɗaya ne.

Na biyu, hama mai bakin cire ƙusa. Ita ta gyara ce. In waya ta tsinke, ka ƙara mata guntun waya maras ƙaya, ka yi zobe a kan tsohuwar, ka zura sabuwar a ciki, ka kama ta da bakin hamar, ka yi ta naɗewa a kan hamar har ta ɗame. Sai ka karyo ta baya, ka warware, ka nannaɗe ta a jikinta.

Na uku shi ne sarkin aikin, wato sarƙar jan waya. Tana da baki biyu masu cizon waya, da doguwar sarƙa, da hannu mai ƙugiya biyu. Duk lokacin da ka kai hannun gaba ka dawo da shi, ƙugiyoyin za su taka zobe ɗaya na sarƙar, kamar mai hawan tsani, kuma ba ta komawa baya sai ka so. Da ita mutum ɗaya zai ɗame waya mai mita 100 ko 200, ya saki hannu, ya ɗaure a natse. Da ita kuma ake jawo bakin waya biyu da suka tsinke a haɗa su. Wani maƙeri a ƙasar Niyuzilan mai suna Ernest Hayes shi ya shahara da ƙera ta, samfurin da ya fitar a 1924 kuwa har yau kusan shi ake kwaikwaya. Ƙasarsu ƙasar kiwon tumaki ce, shinge kuma shi ne makiyayinsu. In sarƙar ta yi wa mutum ɗaya tsada, ƙungiyar manoma ta sayi guda ɗaya a riƙa aro, domin ba kullum ake bukatarta ba.

Na huɗu, abin da ke kusa da mu. Sarƙar da makanikai ke ɗaga injin mota da ita, ko igiyar nan mai linzami da direbobin manyan motoci ke ɗaure kaya da ita, duk suna jan waya. Ka ɗaura ɗaya kan a dirkar kusurwa, ɗayan a wayar. Sai dai a yi hattara, sarƙar makanikai an yi ta ne don ɗaga tan ɗaya ko fiye, ƙarfinta ya ninka abin da waya ke so sau da yawa. A ja sannu-sannu ana dubawa.

Na biyar, waɗanda ake bari a jikin shinge. Akwai ɗan ƙarfe mai ganga da haƙora, ana zura wayar a ciki a juya da sifana, tana naɗewa, harshensa kuma yana hana ta warwarewa. Akwai mai ƙugiya a kai biyu da tiredi, irin wanda kuke gani a jikin wayar da ke riƙe falwayar lantarki, ana murɗa tsakiyarsa ya jawo kawunan biyu. Akwai kuma dogon noti mai zobe da ake huda dirka a zura, a riƙa ɗaure shi ta baya. Amfaninsu shi ne, duk ranar da waya ta saki, juyi biyu ko uku ya isa, ba sai an kwance komai ba. Wani kamfani a birnin Sheffield na Ingila ya fito da ɗan ƙaramin maƙulli mai suna Gripple a ƙarshen shekarun 1980, wanda waya ke shiga ta fuska ɗaya ba ta fita. Yana da kyau, amma yana son nasa abin jan na musamman, don haka kada ka sayi ɗaya ka bar ɗaya.

Akwai wata dabara da ake yawan yi, wato a kama wayar da filaya a lanƙwasa ta nan da can don ta gajarce. Tana ɗamewa na kwana biyu. Amma duk inda ka lanƙwasa ka raunana ƙarfen, ka kuma kankare farin rufin tutiya da ke hana tsatsa, nan gaba kuma daidai wurin za ta tsinke. A bar ta sai in ta kama dole.

YADDA AKE BI DA BI

Ka ɗaura wayar a dirkar kusurwa, ta zagaye dirkar ta dawo ta nannaɗe jikinta sau biyar ko shida. Ka zura sanda a cikin naɗin wayar, mutum biyu su riƙe su yi tafiya tana warwaruwa. Kada a jefa naɗin ƙasa a riƙa zaro wayar ta gefe, za ta yi ƙulli, ƙulli kuwa wurin tsinkewa ne. Ka fara da layin sama, domin shi ya fi rinjayar dirka. In ka fara da na ƙasa, lokacin da za ka ja na sama dirkar za ta ɗan matsa, na ƙasan su saki. Kana ja, yaro ya bi layin da sanda yana ɗaga wayar daga ciyawa da kututture, don jan ya bazu ko'ina.

Sai an gama ja sannan a buga ƙusa a dirkokin tsakiya. Ƙusar nan mai lanƙwasa mai ƙafa biyu ita ce daidai. A buga ta a ɗan karkace don kada ta tsaga itacen, kuma kada a nutsar da ita har ta danne wayar. A bar ɗan sarari wayar ta riƙa motsi. In saniya ta jingina da shingen, duk tsawon wayar ne zai ɗauki nauyin ya dawo. In kuwa ka danne ta a kowace dirka, 'yar mita huɗun nan ce kaɗai za ta ɗauka, ta miƙe, ba ta kuma komawa. Ina zaton, Malam, wannan na cikin abin da ya sami naka shingen. Wayar kuma ta kasance ta fuskar da dabba ke turowa. Kai da kake tsare lambu, ta waje za ka sa ta, don in an turo ta danne dirka maimakon ta zare ƙusa.

Layi huɗu mai tsayin mita ɗaya da santimita 20 yana tsare shanu. Akuya kuwa sai an ƙara layi, na ƙasa-ƙasan kada tsakaninsu ya wuce santimita 15, ko a sa waya mai raga, ko a dasa dashi ko bini-da-zugu a gindin shingen.

YAYA ZA KA SAN TA ISA?

Wannan ya kawo mu wasiƙa ta biyu, daga wani Alhaji mai gona a hanyar Mando. Ya ce yana da tarakta, me zai hana ya ɗaura mata wayar ta ja, a huta da wahala?

Alhaji, ranka ya daɗe, don Allah kada a yi haka, ko da tarakta, ko da mota, ko da babur. Injin ba ya jin lokacin da waya ta ƙoshi. Ko dai ya miƙar da ita fiye da ƙima ta mutu, ta daina dawowa kamar tsohuwar roba, ko ya tsinka ta. Waya mai ƙaya in ta tsinke a ɗame, bulala ce mai haƙora, tana dawowa kan direba da duk wanda ke tsaye kusa. Ladan lebura na kwana biyu bai kai ido ɗaya ba.

Ga yadda ake aunawa da abin da ke hannunmu. Ka sami katako, ka kafa ƙusa biyu tsakaninsu mita ɗaya cif. A tsakiya, ka yi alama da biro rabin inci, wato milimita 12 da rabi, daga layin da ya haɗa ƙusoshin. Ka ɗora wayar a kan ƙusoshin, ka maƙala sikelin rataye irin na masu sayar da hatsi ko kifi a tsakiyarta, ka ja har wayar ta kai alamar. Abin da sikelin ya nuna, ka ninka sau 20, shi ne ƙarfin da ke jikin wayar. In ya nuna kilo 5, wayar na ɗauke da 100. In ya nuna 7 da rabi, 150 ke nan. Waya maras ƙaya mai tauri, mai kaurin milimita 2.5, wajen 150 ake kai ta. Waya mai ƙaya da muka saba saye ta fi ta taushi, a tsaya tsakanin 100 da 130. Wanda ba shi da sikeli ya duba murɗin igiyoyin biyu na wayar. In ya ga sun fara miƙewa, ko ƙayoyin sun fara zamewa, ya wuce wuri. Waya ba tsirkiyar garaya ba ce, ba a son ta yi ƙara.

Sai maganar yanayi. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana ƙanƙancewa da sanyi. Waya mai mita 100, in zafi ya sauka da digiri 20, tana gajarcewa da kusan santimita biyu da rabi. Tsakanin tsakar ranar watan Maris a Kaduna da asubahin hunturu kuwa, bambancin ya kai haka. Saboda haka in da zafin rana kake ja, ka rage hannu kaɗan, sanyi zai ƙarasa maka. Haka nan ƙasar da ka kafa dirka cikinta da rani tana da tauri kamar dutse, amma in ruwan Agusta ya jiƙa ta sai ta yi laushi. Kowace shekara, bayan ruwa ya zauna da kuma bayan ya ɗauke, a zagaya shinge a duba tokari, a ƙara ɗamewa.

WAYAR KAJI

Wasiƙa ta uku daga wata Hajiya ce a Unguwar Dosa, mai kiwon kaji a bayan gida. Ta ce waya mai raga da aka sa mata ta yi tumbi, kaji na fita ta ƙasa, karnuka na shiga.

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Ita raga ba a jan ta da ƙugiya ɗaya, za ta yage ko ta karkace. A sami katako biyu masu tsayin ragar, a matse bakinta a tsakaninsu da noti uku ko huɗu, sannan a ɗaura igiya sama da ƙasa a ja katakon, duk ragar za ta taho gaba ɗaya. Kuma ragar kaji ba ta iya tsayuwa da kanta. Sai an fara ɗame waya maras ƙaya layi uku, sama da tsakiya da ƙasa, sannan a rataya ragar a jikinsu da siririyar waya. Gindin kuma a binne shi kamar taƙi ɗaya a ƙasa.

GA 'YAN KASUWA

Wasiƙa ta huɗu daga wani mai sayar da kayan gini ce a Kawo. Ya ce manoma na dawowa suna cewa ya sayar masu da wayar banza, alhali shi ma sayowa ya yi.

Alhaji, gyaran yana hannunka. Na ɗaya, ka faɗa wa mai saye gaskiyar tsawon naɗin da kaurin wayar, domin naɗi ya bambanta. A lissafin geji, in lamba ta hau kauri ya sauka: geji 12 da rabi shi ne kusan milimita 2.5, geji 16 kuwa siririya ce. Na biyu, ka taya shi lissafi. Hekta ɗaya mai kusurwa huɗu daidai, kewayenta mita 400 ne. Layi huɗu ya zama mita 1,600, ban da abin da ƙulli zai ci, da dirka 100 in ana kafawa duk mita huɗu. Eka ɗaya kuwa kewayenta kimanin mita 255 ne. Wanda bai yi wannan lissafi ba, in waya ta gaza sai ya rage layi ko ya nisanta dirka, daga baya ya ce kai ka cuce shi. Na uku, ka ajiye ƙusar shinge da filaya da 'yan ƙarafan ɗamewa da safar hannu ta fata kusa da wayar, ka kuma ajiye sarƙar ja ko guda ɗaya ce kana ba da haya. Na huɗu, kada ka jibge naɗi a ƙasa mai danshi ko kusa da buhunan takin zamani, domin taki yana cin rufin tutiya. Ku kuma masu saye, ko a Kawo ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ku ɗaga naɗi biyu ku ji nauyinsu, ku lanƙwasa bakin wayar ku ga ko farin rufin yana ɓarewa. In yana ɓarewa, damina biyu ta isa ta yi ja.

KUKAN MAKIYAYI

Wasiƙa ta ƙarshe wani dattijon makiyayi ne daga Ladduga, ƙasar Kachia, ya sa aka rubuto masa. Ya ce ya ji muna koya wa manoma shinge, to su fa? Wayar da ta saki ta kwanta cikin ciyawa tana yanke masu ƙafafun shanu da hantsa, wasu kuma sun kai shinge har kan burtali.

Baba, maganarka gaskiya ce, mun kuma gode da ka faɗe ta. Wayar da aka ɗame, saniya na ganinta, ta taɓa ta ji ƙaya ta ja da baya. Wadda ta saki ita ce ke naɗe ƙafa, ta yaga hantsa, ta ɓata fatar da gobe za a kai kasuwa a rage mata kuɗi. Don haka mai shinge ya sani, in ya bar wayarsa a kwance, tarko ya haƙa wa dukiyar wani. Guntayen da aka yanke ma a tsince su, domin saniya na haɗiye su tare da ciyawa su huda mata tumbi.

Su ma makiyaya sun san amfanin waya. A shekarun 1980, cibiyar binciken dabbobi ta ILCA, wadda a lokacin hedkwatarta ke Adis Ababa kuma take da ofishi a nan Kaduna, ta yi aiki da Fulani a Kurmin Biri da Abet kan abin da aka kira rumbun ciyawa. Akan kewaye fili mai kimanin hekta huɗu, a shuka ciyawar sitailo mai gina jiki, a bar ta ta girma da damina, sai da rani a riƙa sa shanun tatsa su yi kiwon awa biyu zuwa uku a rana. Kuɗin shinge shi ne mafi tsoka a aikin, kuma duk inda shingen ya faɗi, ciyawar da aka yi wata shida ana tanadi takan ƙare cikin 'yan kwanaki. Cibiyar ta haɗe da wata a 1995 ta zama ILRI, amma darasin yana nan: hekta huɗu kewayenta mita 800 ne, kuma ɓaraka ɗaya ta isa.

Game da burtali kuwa, bari mu ɗauko misali daga nesa. A Amurka, wani manomi mai suna Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya a 1874. Ba a yi shekara goma ba, masu hali a jihar Teksas suka kewaye makiyaya da mashaya da hanyoyi, waɗanda aka tare kuma suka shiga bi da dare suna datse wayoyin, har aka yi asarar rayuka a 1883. Sai da majalisar jihar ta zauna a 1884 ta yi doka mai baki biyu: yanke shingen wani babban laifi ne, kewaye filin jama'a ma laifi ne, kuma dole a bar ƙofa inda shinge ya ratsa hanya. Mu nan Arewa muna da dokar keɓe makiyaya tun 1965, burtali kuma ya girmi kowa a cikinmu. Kafin ka haƙa ramin farko, ka kira maƙwabtan gonarka da mai unguwa da ardo, a taka iyaka tare, a bar wa dabba hanyarta zuwa ruwa.

KIYAYE LAFIYA

Kafin lokaci ya ƙure, ga gargaɗi. Mai jan waya ya sa safar hannu ta fata da tabarau, ko na masu walda ne marar duhu. Ya tsaya ta bayan dirka, kada ya haye kan wayar da ake ja, yara kuma su yi nisa. In za ka yanke waya, ka taka ɓangaren da zai saki, ko ka soke bakinsa a ƙasa. In ƙaya ta yanke ka, ka wanke da ruwa da sabulu, ka je asibiti a duba maganar allurar tetanus, wato ciwon nan mai sandarar da jiki ya datse haƙora, domin ƙwayarsa na zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. In hadari ya taso a bar aikin waya, kada kuma a ɗaure dabba a jikinta, saboda tsawa na bin ƙarfe ta yi tafiya mai nisa. Mai dirkokin itace ya haɗa layukan da guntun waya ya kai ta jikin rodi da aka kafa a ƙasa, duk bayan kamar mita 100. Sannan a share ciyawar gindin shinge kafin lokacin gobarar daji, domin wuta na cin dirka, tana kuma ƙone rufin wayar.

Malam na Rafin Guza, wayarka ba ta lalace ba tukuna. Ka cire ƙusoshin tsakiya, ka gyara kusurwoyi da tokari, ka je Panteka a yanka maka bututu, ka sake ja layi-layi daga sama, ka ƙara biyu a ƙasa saboda awaki. Ka rubuto mana ka faɗa mana yadda ta kaya.

Jama'a, nan za mu dakata. Masu tambaya kan rumbu da maganin ƙwarin wake, wasiƙunku sun iso, su za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da rubuto mana, a kuma rubuta sunan gari da unguwa yadda za su karantu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a gona da garke.